Ruwan inabin kwalba a kan abincin gida: yaya ake gane wanda ya cancanci kuɗinsa?

Maman Husna, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, kuma ina neman shawara a kan wani abu da mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙarami ne, amma duk macen da kuɗin cefane ke bi ta hannunta ta san yana da nauyi.

Al'adar gidanmu ce duk ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, 'yan'uwan maigida su taru a ci abincin rana tare, haka kuma a ranakun Sallah da duk lokacin da aka yi baƙi daga Kaduna ko Kano. Abincin namu na gida ne: tuwon shinkafa da miyar taushe, ko shinkafa da miya da kaza, ko waina da miyar alayyafo, wani lokaci dambu da zogale. Maigida ya saba shigowa da ruwan inabin nan na kwalba mai gas, wanda ba ya sa maye, wanda masu shaguna ke kira wain, irin su Eva da Veleta da Pure Heaven da Chamdor, a jera shi a gaban baƙi. To yanzu kuɗin kwalba biyu ya kamo na kilon nama, ga shi kuma idan ka tsaya a gaban kanta sai ka ga kwalabe masu siffa ɗaya da launi ɗaya, amma wata ta ninka wata a farashi, kuma yaron shago ba zai iya gaya maka dalili ba.

Abin da nake son sani shi ne yadda mutum zai gane kwalbar da ta cancanci kuɗinta, da kuma ko wannan abin sha ya ma dace da irin girkinmu, domin na lura sau da yawa kofunan na komawa kicin da saura a ciki, alhali zoɓon da na haɗa wa yara shi ne yake fara ƙarewa. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan damuna: a wurin da ake nuna yawan barasar da ke ciki, a jikin wata kwalba an rubuta 0.0%, a jikin wata kuma 0.5%, kuma ba na so in ajiye wa surukaina abin da akwai shubuha a cikinsa. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Alhaji Mai Kanti, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sana'ata ke nan, don haka zan faɗi abin da na sani ko da zai rage mini ciniki.

Kwalaben da kike gani masu siffa ɗaya, abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ruwan inabi ne zalla, an matse shi, an dumama shi gwargwadon da zai hana shi lalacewa, aka sa masa gas aka rufe, bai taɓa zama giya ba. Mafi yawan irin wannan ana yin sa ne daga ruwan inabin da aka ƙafar ya yi kauri don sauƙin safara, sannan a mayar masa da ruwa a masana'anta, kuma wannan ba aibu ba ne matuƙar an faɗa a jikin kwalbar. Akwai wanda ruwa ne da sukari da launi da ƙamshi, da ɗan ruwan 'ya'yan itace kaɗan, wato dai lemo ne aka sa masa kwalba mai dogon wuya da zanin gwal a kai. Sai na uku, wanda asalinsa giya ce ta gaske, an bar inabin ya tsimu, daga baya aka cire masa sinadarin barasa ta hanyar dumama shi a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, ko ta hanyar tace shi. Wannan na uku shi ne yawanci kike ganin 0.5% a jikinsa, domin a Tarayyar Turai tun 2021 doka ta yarda a kira giya da sunan wadda aka cire wa barasa idan abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hukuncinsa kuwa sai malamai.

Hanyar rarrabe su ba a gaban kwalbar take ba, a bayanta take. Ƙa'ida ce a jera abubuwan da aka haɗa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan kika ga ruwa ne a farko, sukari na biye da shi, ruwan inabi kuma yana can na uku ko na huɗu da wani ɗan kaso a gefensa, to ki kwatanta farashin wannan kwalba da na lemon roba mai yawan ruwa irin nata, ba da na ruwan inabi ba, sai ki ga ko kin yarda ki biya bambancin saboda kwalba kawai. Idan kuwa ruwan inabi ne a farko kuma babu ƙarin sukari, tsadarsa tana da dalili.

Ki kuma sani cewa kaso mai yawa na abin da kike biya ba na abin sha ba ne. Kwalbar gilashi mai kaurin da zai jure ƙarfin gas, da toshiyarta da wayar da ke ɗaure ta, da kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan a Legas, da tirelar da za ta kawo ta Arewa, duk a kanki suke ƙarewa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, duk kayan da ake shigowa da su da dala suka tashi, wanda ake yi a masana'antun ƙasar nan ma ya bi su saboda shi ma kayan haɗinsa daga waje suke zuwa. Wasu abokan cinikina suna ɗora laifin a kan harajin abin sha mai zaƙi da aka fara karɓa a 2022, amma naira 10 aka sa a kan kowace lita, wato naira bakwai da rabi ke nan a kan kwalba mai santilita 75, don haka ba shi ne ya kai farashin inda yake ba.

Lissafin da ya fi amfani shi ne na kofi. Santilita 75 kofi biyar ne idan ƙananan kofunan gilashi ne masu ɗaukar santilita 15, amma da kofunan da muke sha da su a gidajenmu uku ne kawai, kuma da zarar an buɗe, gas ɗin ya fara fita, abin da ya kwana ya zama ruwan zaƙi salam. Ki raba farashin kwalba gida uku, wannan shi ne kuɗin da kowane baƙo ya sha.

Kafin ki biya, ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ki tabbata ba a kankare ta an sake bugawa ba. Ki ɗaga kwalbar ki kalle ta a haske: ruwan ya zama garau, ba gurɓata ba wani abu kwance a gindi, kuma wuyanta ba danƙo, domin danƙo alama ce ta yoyo. Kada ki saya a wurin da ake jera kaya a bakin titi rana tana dukansu tun safe, komai araharsu, saboda zafi yana canza launin zuwa ƙasa-ƙasa, yana kuma kashe ƙamshin.

Duk da haka ba zan ce ki daina saye gaba ɗaya ba. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, kuma kwalbar da aka buɗe a gaban surukai tana isar da wani saƙo na karramawa, musamman ga baƙon da bai saba da gidan ba, wanda hankalinsa ya fi kwanciya da abin da aka fasa murfinsa a gabansa. Shawarata, kwalba ɗaya ta ruwan inabi zalla a ranar Sallah ta fi uku na mai sukari da launi kowace Juma'a.

Hajiya Dije, Ƙofar Doka

'Yar nan, Alhaji ya gama miki maganar kwalba, ni kuma zan yi miki maganar tukunya, domin kofunan da kika ce suna dawowa da saura su ne suka riga suka ba ki amsa.

Girkinmu girki ne na mai da yaji da daddawa. Wanda ya kai loma uku ta tuwo da miyar taushe, ga man ja, ga gyaɗa, ga kabewa da ɗan zaƙinta, bakinsa ya yi nauyi, abin da yake nema shi ne wanda zai wanke masa harshe ya koma wa akushi da sabon marmari. Tsami ne yake yin wannan aiki, shi ya sa tun kakanninmu ake sa yakuwa a taushe, ake sa tsamiya a kunu. Idan kika ba wannan mutum abu mai zaƙi sosai, zaƙin sai ya hau kan man ya zauna, ɗanɗanon daddawar ya juye ya zama wani iri, gas ɗin kuma ya cika masa ciki tun bai kai rabin malmala ba. Daga nan ko dai ya bar kofin ko ya bar tuwon, kuma ko wanne ya bari asararki ce. Da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa kuwa, ni ban ga abin da ya kai ruwan randa mai sanyi ba, kowane abin sha sai a jira a wanke hannu tukuna.

Inda ruwan inabin kwalba yake da gurbi shi ne abincin da ba shi da daddawa kuma yajinsa bai yi yawa ba: soyayyiyar shinkafa da kaza, dankalin turawa da ƙwai, ko faranti na cincin da dubulan da soyayyen naman Sallah da ake ajiye wa masu zuwa gaisuwa da yamma. A nan yana da daɗi, ban musa ba, kuma farin ya fi jan sauƙin sha saboda ya fi shi ɗan tsami.

Zoɓo kuwa, mutane da yawa suna raina shi ne saboda ba su taɓa shan wanda aka yi da kula ba. Ki zaɓi mai duhun ja, busasshe ƙarau, wanda idan kika damƙa yana ƙara a hannu, ba wanda ya sha raɓa ya yi laushi yana warin ɗaki ba. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi cikin hanzari, sau biyu, don yashi ya fita ba tare da launin ya bi ruwan ba. Ki tafasa ruwanki da dakakkiyar citta da kanumfari 'yan ƙwayoyi da ɓawon abarba da aka wanke tas, sai ya yi ƙamshi sannan ki sauke, ki zuba zoɓon a ciki ki rufe, ki bar shi ya jiƙu har ruwan ya huce. Masu barin sa a kan wuta yana ta tafarfasa su ne suke samun mai ɗaci da ke kama harshe, sannan su bi shi da sukari mai yawa don su rufe ɗacin. Kada ki sa masa kanwa don rage tsami kamar yadda wasu ke yi, za ki ga jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi, kuma tsamin da kika kashe shi ne amfaninsa a kan abinci. Kada kuma ki bar shi ya kwana a tukunyar dalma, ki tace da tsabtataccen ƙyalle ki juye a jug na gilashi ko roba. Sukari a ƙarshe ake sa shi, kuma ni kashi biyu nake raba shi: na manya da ɗan kaɗan yadda tsamin zai fito, na yara da ɗan ƙari. Idan kina son wani ƙamshi na daban ki sa mazarƙwaila maimakon farin sukari, ga ta nan ana kawowa daga wajen Maƙarfi.

Ga waina da miya, ko nama mai kitse, ruwan tsamiya da citta ma ya fi zoɓo dacewa a bakina. Kunun aya abin sha ne mai daraja, amma yana da nauyi, ba a haɗa shi da tuwo, kuma ba ya jure zafi ko na wuni ɗaya. Fura da nono kuwa ita kanta abinci ce.

Ba zan ɓoye miki ba, na gida ma ba kyauta ba ne. Citta ta yi tsada ƙwarai tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a Kudancin Kaduna a daminar 2023, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, ga sukari, ga gawayi ko gas, ga ƙanƙara idan babu wuta, ga tsayuwar da za ki yi a ranar da girki ya riga ya yi miki yawa. Amma ko kin haɗa duka, za ki shayar da gida guda da abin da bai kai kuɗin kwalba ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne yadda za ki fito da shi. Kada ki kawo wa surukai zoɓo a tsohuwar robar ruwa. Ki zuba shi a jug na gilashi mai tsabta, da sanyinsa, da ganyen na'a-na'a a kai, da kofuna masu kyau a kan tire, ki gani ko akwai wanda zai ce ba a karrama shi ba.

Malam Sani, Gyallesu

Malama, Allah ya ƙara miki tsoronsa, domin tambayarki ta ƙarshe ita ce ta kamata a fara da ita. Ni ɗalibi ne, zan faɗi abin da na karanta, fatawa kuma ki nema a wurin malaman da kika amince da su.

Haramcin giya a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma hadisi ya tabbata cewa duk abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗansa ma haramun ne. Ruwan inabin da aka matse bai tsimu ba, babu saɓani a kan halaccinsa, hukuncinsa hukuncin ruwan lemon zaƙi ne, don haka nau'i biyu na farko da Alhaji ya ambata babu damuwa a kansu ta wannan fuska. Saɓanin yana kan na uku. Waɗanda suka sauƙaƙa suna cewa abin lura shi ne maye, kuma wannan ɗan ragowa ko mutum ya sha cikin cikinsa ba zai bugu ba, suna kuma kafa hujja da cewa irin wannan ɗan burbushi ana samunsa a 'ya'yan itacen da suka nuna sosai da burodi. Waɗanda suka hana suna cewa abin da ke cikin kwalbar ya riga ya zama giya da gangan, a masana'antar giya, kuma cire wani sashe nata bai mayar da sauran halal ba, ballantana sayensa taimako ne ga masu sana'ar. Ni hankalina ya fi kwanciya da magana ta biyu, kuma tun da ga wanda babu shubuha a cikinsa a kanta ɗaya, mai barin abin da yake kokwanto bai yi asarar komai ba.

Sai dai ki lura, rubutun 0.0% shi kaɗai bai isa shaida ba, domin akwai wanda aka cire wa barasar har ta ƙare amma asalinsa giya ne. Ki karanta bayan kwalbar, ko ki ba wanda ya iya harshen da aka rubuta ya karanta miki, a ga ko ruwan inabi aka ce ko giyar da aka cire wa barasa.

Akwai kuma abin da masu yin na gida ke mantawa da shi. Duk ruwa mai zaƙi da aka bari a cikin zafi yana iya tsima da kansa. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan sai ya sa a shayar da shi ko a zubar. A zafin bazara irin na Zariya, kunun zaƙi ko zoɓon da aka riga aka sa wa sukari da abarba ba lallai ya kai haka ba. Idan kika buɗe roba ta yi tsaki, ko kika ga kumfa tana tasowa da kanta, ko warin ya sauya, ki zubar.

Baba Yakubu, Wusasa

Gaisuwa gare ku duka. 'Yata, ni tsohon malamin makaranta ne, Kirista, ban kuma taɓa shan giya ba, amma na yi karance-karance a kan tarihin wannan abin sha, kuma akwai abin da zai amfane ki a ciki.

Ruwan inabi marar sa maye da ake ajiyewa a kwalba ya samo asali ne daga irin damuwarki. A 1869 wani likitan haƙori a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, mai suna Thomas Welch, wanda ɗan cocin Methodist ne mai ƙin giya, ya yi amfani da hanyar Louis Pasteur ta dumama abin sha, ya kashe ƙwayoyin yis da ke cin sukarin inabi suna mayar da shi barasa, don a samu abin da za a yi amfani da shi a coci ba tare da maye ba. Nau'in farko da Alhaji ya bayyana jikan wannan aiki ne.

Su kansu mutanen da giyar inabi ke cikin al'adarsu sun daɗe suna fama da tambayar ko tsada tana nufin kyau. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun masu ɗanɗano na Faransa a birnin Paris, ya ba su giyar Faransa mai suna da ta Kalifoniya wadda ba a ɗauke ta a bakin komai ba a lokacin, ba tare da sun ga kwalaben ba. Ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a ɓangaren farar giya da na ja duka. A 2008 kuma wasu masu bincike a Amurka sun tattara sakamakon ɗanɗano fiye da 6,000 da aka yi ba tare da an ga farashi ba, suka gano cewa mutanen da ba ƙwararru ba ba su fi jin daɗin mai tsada ba, hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai araha. Ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci, kuma ban ga dalilin da zai sa abin ya bambanta a kan ruwan inabi marar maye ba.

Saboda haka ki yi gwajin da kanki. Wata Juma'a ki sayi mai tsada ɗaya da mai araha ɗaya, ki sanyaya su daidai, ki zuba a kicin cikin kofuna iri ɗaya, ki sa wa gindin kofunan alamar da ke kaɗai kika sani, ki haɗa da zoɓonki, a sha a kan abincin da aka saba ci. Kada ki tambayi wanne ya fi daɗi a kurɓar farko, domin mai zaƙi ne kullum yake cin wannan. Ki jira a gama cin abinci ki ga wanne aka nemi ƙari. Ki sa maigida a cikin masu gwajin, tun da shi ne mai saye.

Wani abin da na lura da shi a karatuna shi ne, talakan Faransa ko Italiya ko Sifaniya ba mai tsada yake sha a kan abincinsa na kullum ba, na yankinsu yake sha, wanda ya tashi tare da girkinsu. Namu da ya tashi tare da girkinmu shi ne wanda Hajiya Dije ta bayyana. Kuma wannan zoɓon da muke rainawa, buhu-buhu ake tara shi daga Jigawa da Kano da Katsina ana kai shi Meziko, inda ake sha a kan abinci mai yaji kamar namu.

Anti Rabi, Samaru

Yaya Maman Husna, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai kuɗin da ba a biya a kanti, sai daga baya. Ina so in ɗan saɓa wa Alhaji a wuri ɗaya, in kuma yi wa Mama Hajiya Dije ƙari a wani.

Ruwan inabi zalla ya fi mai launi daraja, wannan gaskiya ne, amma ba ya nufin ya fi shi ƙarancin sukari. Inabi yana cikin 'ya'yan itace mafiya zaƙi, ruwansa yana ɗauke da kusan giram 15 na sukari a kowane mililita 100, alhali lemon kola da muke tsoro bai kai giram 11 ba. Kofi ɗaya na gida mai mililita 250 ya kusa ƙaramin cokali tara na sukari ke nan, kwalba guda kuma ta haura giram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, ta kuma ce rabin haka ya fi, sannan ta lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace a ciki ko da ba a ƙara masa ko ƙwaya ba. Ki tuna a kan tuwon shinkafa ko waina za a ɗora wannan. Idan a cikin surukanki akwai mai ciwon sukari, kuma da wuya a tara dattawa a yau ba a samu ba, rubutun da ke cewa ba a ƙara sukari ba yana iya yaudararsa ya sha kofi biyu da zuciya ɗaya. Ki ba shi ƙaramin kofi, ko ki tsinka masa da ruwan sanyi, ko ki ajiye masa zoɓo marar sukari.

Fifikon zoɓon gida shi ne cokalin yana hannunki, amma idan aka zuba masa gwangwani biyu na sukari da garin ƙamshin leda, ya koma daidai da abin da aka guda. An yi bincike da ya nuna zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, sai dai wannan ba dalili ba ne na barin magani, kuma mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa idan yana shan zoɓo kullum. Na saye a titi kuma, wanda ake ɗurawa a robobin da aka tsinto, ba na ba da shawarar a kai shi gaban baƙi ko yara, domin ba ki san ruwan da aka yi shi da shi ba.

Idan kuma inabin ne maigida yake so a gani a gaban 'yan'uwansa, ai muna zaune kusa da gonakinsa. Ƙaramar hukumar Kudan, musamman wajen Hunkuyi a kan hanyar Kano, ta yi suna da noman inabi a ƙasar nan, kuma idan kakarsa ta zo za ki gan shi a kasuwar Sabon Gari da bakin titi. Ki wanke shi sosai da ruwa mai tsabta saboda feshin magani, ki sanyaya, ki kawo shi a faranti bayan an gama cin abinci, domin wanda ya tauna shi da ɓawonsa ba zai ci yawan da zai sha a kofi ba. Idan ruwansa kike so, ki markaɗa shi a bilenda a taƙaice yadda 'ya'yan ciki ba za su farfashe su sa ɗaci ba, ki tace, ki ƙara ruwan sanyi kamar kashi ɗaya cikin uku da ɗan matsin lemon tsami, a shanye shi a ranar, kada ya kwana ko da a firji ne idan wutar unguwarku ba ta tsayawa.